Gonar Ngo Garos

A Zawan, bayan kududdufin kuza,
inda ruwa ya yi kore, ba mai sanin zurfinsa,
uwata tana da 'yar gona.
Gona dai a baki.
Tsakuwa ce da farin yashi,
ragowar abin da injin Bature ya tauna ya tofar.

Wata Lahadi fasto ya karanta mana ƙasa iri huɗu:
ta bakin hanya, ta kan dutse, ta ƙaya, da mai kyau.
Ya cire tabarau, ya ce, "Kai wacce ce?"
Coci ya yi tsit.
Ngo Garos ta sunkuyo kunnena,
tana ƙanshin hayaƙi da man kaɗe,
ta ce, "Yaron nan bai taɓa riƙe fartanya ba.
Mai kyan ma wani ne ya sha wuyarta."

Litinin muka nufi juji da kwando.
Tokar gari, kashin kaji, ɓawon dankali,
a kaina, a kanta, har wuya ya sage.
Shekara bakwai muna tsince duwatsu
har suka zama katanga, ƙadangaru suka tare.
A ta takwas kabeji ya naɗe kai
kamar jariri a zane.

Ba ta san baƙi ba,
amma duk inda ƙasa ta ratsa Littafi ta riƙe shi.
Takan ce, "Rana da wata, da baki aka yi su.
Da aka zo kanmu
sai Ubangiji ya durƙusa ya ɓata hannu."
Takan ce, "Makahon nan da aka shafa wa laka,
shekara nawa yana zaune a kan maganinsa?"
Ranar da aka jawo wata mata za a jefe,
Mai Ceto ya duƙa yana rubutu da yatsa.
Na ce, me ya rubuta?
Ta ce, "Da yana so ka sani, da takarda ya nema.
Ƙasa ba ta tona asirin mace."

Sai shekarar da gari ya kama wuta.
Dalyop ya kai tumatir Farin Gada,
kwandunan ma ba su dawo ba.
Malam Sallau, mai lambu a gefenmu,
shi ma nasa ɗan bai dawo ba.
Wata uku ba wanda ya gaida wani.
Tun daga nan, in an zo labarin jinin farko,
wanda ya yi kuka daga cikin ƙasa,
sai ta tashi ta fita waje.
Sau ɗaya ta ce, tana duban kunya,
"Ta sha nawa, ta sha nasa,
ba ta tambayi sunan kowa ba."
Da rani ya tsananta, injin ban ruwanmu ya mutu.
Da asuba muka tarar da tiyon Malam
kwance a bakin kunyarmu, yana zuba.
Ba a yi magana ba. Albasa ta yi.

Bara muka sa ta.
Fasto, yanzu da furfura,
ya faɗi inda muka fito da inda za mu koma.
Kowa ya ɗibi jar ƙasar kabari,
tana faɗa wa akwati kamar ƙwanƙwasa ƙofa.
Ni na kwance leda.
Baƙar ƙasar gonarta ce, mai laushi, har da tana.
Ta sauka ba ƙara.

Har yau ban san wacce ce ni ba.
Akwai dutse, na ji shi. Ƙaya ma akwai.
Amma kwandonta na rataye a zaure,
kuma gobe Litinin.