Awon Fada

Ni na ɗinka masa farar rigarsa ta farko
shekarar da aka naɗa shi fada.
Yadi biyar, maɓalli talatin da uku.
Ya ce kowanne shekara ce ta Almasihu.
Na ce ni allura na sani,
a biya ni kafin kasuwar Laraba.

Gaston Kaldapa, ɗan masu noma a kan dutse,
siriri kamar karan dawar da ruwa ya yi wa rowa.
Daga Mokolo zuwa Koza a tsohon babur,
gindin riga ya sha laka, ya sha baƙin mai.
Sau bakwai na yi mata faci.
Aljihun dama ke fara yagewa:
nan yake cusa kinin da alli
da takardun roƙon rijiya da ba a amsawa.

Ran da yara uku suka tafi a mako guda
da ruwan kududdufi a cikinsu,
shi ya binne biyu, liman ya sallaci ɗaya.
Bai yi wa'azi ba Lahadin nan.

Bishop ya ce, bagade ko akwatin zaɓe,
ba a gudu ana susar baya.
Ya zo shagona bayan la'asar
da rigar a ninke cikin leda.
Ajiye mini, Malam Tukur.
Ka auna ni kaftani.

Ya ci. Marwa ta kira shi, ya tafi.
Mota mai tuta, ɗan sanda a ƙofa.
Duk shekara direba ke kawo shadda
da ɗan zare mai ƙulli, sabon awon ƙugu.
Zaren yana tsawo.
Rijiya arba'in ya ce, sha ɗaya muka gani.
Wasu sun ce ya ci, wasu sun ce an ci da sunansa.
Ni dai aljihun bai taɓa dawowa faci ba,
ban san me hakan ke nufi ba.

Bara ya faɗi zaɓe.
Jiya ya shigo a ƙafa, furfura har gira,
ya zauna a bencin masu jiran ɗinki.
Na ciro ledar daga ƙasan akwati,
asu ya taɓa wuyan kaɗan.
Bai saka ba. Ba shi da izini.
Ya bi maɓallan da yatsa yana ƙirgawa,
ya tsaya a na sha ɗaya,

sai ya tambaye ni ko har yanzu
matan Koza na tashi da asuba neman ruwa.
Na ce suna tashi.
Na ci gaba da taka keke.