Taku Ashirin Kafin Tuta

Daga nesa kowa gwani ne.
A ɗaga sanda, a murɗa ƙugu,
ƙwallo ta tashi kamar za ta leƙa bayan Kufena,
masu kallo su ce madalla.
Amma taku ashirin ɗin nan da ke saura kafin tuta,
a nan tukunya ke nuna ko ta gasu.

Baba Cindo ne ya gaya mini,
shekarar da na fara ɗaukar jaka,
ina ɗan sha uku, jakar ta kusa fin ni tsawo.
Daga Tudun Wada nake takowa da sassafe,
raɓa ta jiƙa mini wando,
in tarar da shi tsugune yana latsa ƙasa da babban yatsa
kamar mai sayen gwanda.

"Kafin ka taɓa sanda," in ji shi,
"tambayi ƙasa yadda ta kwana.
In ta bushe ƙamas kamar gindin kasko,
zaro bakwai, ko takwas, ka rage tsawon riƙo.
Tsalle ɗaya ya ishe ta, irin na kwaɗo,
sauran tafiyar ta yi da ƙafarta.
Abin da zai iya rarrafe
kada ka ara masa fiffike."

Akwai mai kwantaccen baki, muna ce mata ludayi.
Ita sai an matsu:
ciyawar damina ta yi gashi,
ko ramin yashi ya buɗe baki tsakaninka da tuta.
"Ko ita ma kar ka kwasa, ba miya ba ce.
Nauyinka a ƙafar hagu,
hannuwa su riga ƙwallo,
wuyan hannu ya yi gum.
Sara ƙasa kaɗan. Sama ta san hanyarta."

Sai ya tsinko ganyen darbejiya ɗaya,
ya taka, ya ajiye, ya dawo.
"Nan za ta sauka. Nan za ka duba.
Rami ba ruwanka tukuna."

Na ji, amma kunne ne ya ji.
Wata Litinin, ranar gasar 'yan jaka,
ni da Barau na Kwangila muka zo rami na ƙarshe kankankan.
Fili shimfiɗe, ba kara ba kiyashi,
bakwai na kallona daga cikin jaka.
Na zaro ludayi.
So nake ta tashi ta tsaya cak a gindin tuta,
a yi ta labarina har Sabon Gari.
Bakin ƙarfe ya dira a busasshiyar ƙasa, ya yi tsalle,
ya mari ƙwallo a ciki,
ta wuce tuta a guje ko sallama babu,
ta je ta kwanta ƙarƙashin motar sakatare.

Barau ya tafi da buta da sabulu biyu.
Baba bai ce uffan ba.
Bakwai ɗinsa kawai ya miƙo mini,
wadda ya naɗe wa mariƙi da robar tayar keke.

Yau shekara talatin ke nan, da ɗoriya.
Yana ta rufe masa ido, tuta ma ba ya gani,
amma yana nan a benci, gindin mangwaro,
ya karkata kunne.
In ya ji tas, sai ya gyaɗa kai.
In ya ji dum, ya ce,
"Likita, ƙasa ka fara ci."
Likitan daga Shika, mai ɗinke jijiya ba rawar hannu,
sai ya yi dariya, ya juyo gare ni:
"Me zan ɗauka, Tanimu?"

Ni kuwa in tsuguna.
In latsa ƙasa.
Jiya an yi yayyafi, amma rana ta lashe.
Na miƙa masa takwas,
na tafi neman ganye.