Kube Babu Wuƙa

A Sheffield, garin maƙeran wuƙaƙe,
ruwa ya kwana yana zuba.
Na gangara rafi da takalmin roba,
Morwenna na bisa gada riƙe da kwalabe,
tana ihu kada santsi ya kwashe ni.

Ruwan ja ne, jan tsatsa,
daga tsohon ramin kwal yake tsiyayowa.
Jikin dutse ga wani abu kamar furfura,
yana kaɗawa, ya ƙi bin ruwa.
Na tsinko kaɗan.

Ƙarƙashin madubin ƙara girma sai ga su:
ƙwayoyin bakteriya a jere,
kan wannan a ƙafar wancan,
cikin dogon kube da suka saƙa wa kansu.

Kakana baduku ne a Kazaure.
Da ya ga wannan ɗinki da ya juya shi,
ya nemi inda zare ya shiga,
ya rasa.

Tsatsa ce ke fara sauka a bayan kuben.
Sai fosfet ya zo wucewa,
guntun takin da ya tsere daga gonar wani,
ragowar sabulun wankin wata,
ya maƙale kamar ƙarangiya a ƙafar wando.

Su kuwa na ciki ba sa gaggawa.
A fatarsu akwai ƙofofi,
kowace ta san baƙonta.
Ɗaya bayan ɗaya suke shigar da shi,
ko da ruwan ya tsiyace,
ko da ɗigo guda ya rage a tulu dubu,
su zarga shi kamar 'ya'yan carbi,
su dunƙule, su ajiye.
Rumbu ne da ido ba ya gani.
Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Morwenna ta kawo shayi, ya huce.
Ta ce, dubi wannan, ba kowa a ciki.
Haka ne. Tsatsa ta yi nauyi,
masu gida sun sulale da ajiyarsu,
sun bar kube a miƙe, ja wur.

Shekarata goma sha ɗaya ke nan a garin nan.
Ban san me na tsinta daga ruwansu ba,
ban san me ya maƙale a bayana ba.

Na rubuta lamba a littafi,
na wanke gilashi.
A waje har yanzu ana yayyafi.