Abin da Bututu Ya Zaɓa

A ɗakin ƙasa na gidanmu, can arewacin Dakota,
inda sanyi ke shigowa ta ƙasan ƙofa ba sallama,
mahaifina, Orval Tveit, na zaune a kujerar da ta girme ni,
hannunsa na rawa a cinya
kamar ganyen da ya ƙi yarda kaka ta wuce.
Yanzu ni ce mai awo.

Bindigar na kwance a tebur,
gajera, ta kafaɗa, amma abincin 'yar hannu take ci.
"Lorna, kada ƙanƙantar abincin ta ruɗe ki," in ji shi.
"Harsashin da ya saba da ɗan lungu,
ran da ya sami doguwar hanya
sabon hali yake fitowa da shi."

Dalma iri biyu a tsofaffin gwangwanayen kofi.
Mai sauƙi, ƙwaya ɗari da ashirin da biyar,
sarkin gaggawa,
amma iskar filin nan, da ba ta da bishiyar gaisarwa,
takan ja shi gefe da hira.
Mai nauyi, ɗari da hamsin da takwas,
tafiyar dattijo gare shi,
yana sunkuyawa tun kafin shinge na uku,
sai dai inda ya ce za shi, can za shi.

Albarushi ma hali biyu ne.
Wani ya gama fushinsa tun a bakin ƙofa.
Wani ci yake a hankali,
ya raka baƙo har ƙarshen bututu kafin ya juyo.

Na buɗe littafinsa mai bangon maiƙo.
Lambobin fensir, shekara arba'in,
wasu an soke su, wasu an zagaye sau biyu.
Na ɗora yatsa a kan mafi girma.
Ya girgiza kai.
"Wannan gwangwanin ba wancan ba ne.
Faro daga ƙasa. Hau tsani taki ɗaya ɗaya.
Duba gindin kwanso bayan kowane harbi;
in ya baje, magana yake miki,
kuma ba ya maimaitawa."

Sai na riƙe numfashi a kan sikeli.
Ƙwaya ta faɗa. Allura ta yi tunani.
Wata ta faɗa.
Abin da ba ya cika cokalin shayi
shi ke tsakanin gwani da mai yatsa tara.

Da safe muka kafa takarda a jikin gungumen bayan rumbu,
dusar ƙanƙara har gwiwa.
Yana cikin mota, gilashi a sauke, bargo a kafaɗa.
Na taɓa kunama sau biyar da nasa zaɓin, mai nauyi:
ramuka suka watse kamar kajin da aka jefa.
Sau biyar da nawa, mai sauƙi: ba su fi ba.
Muka dubi juna. Ba wanda ya ci gardama.

A hanyar komawa, littafin ya zame daga aljihuna
ya buɗe a shafin da ban kai ba.
Dalma mai nauyi, albarushi kaɗan, ƙasa da duk sauran,
a gefe kuma, da ƙaramin rubutu:
na Solveig, saboda kafaɗarta.

Shekarar da uwata ta fara ciwo ke nan.
Ba ta daina korar dila daga garken tumaki ba
sai da ta daina tafiya.

Na auna biyar daga shafin.
Bindigar ba ta yi tsawa ba, tari ta yi,
ta ɗan dafa ni, kamar mai cewa matsa in wuce.
Na taka ƙanƙara zuwa gungume.
Ramuka biyar, murfin kwalba zai rufe su.

Na kawo masa takardar.
Ya daɗe yana kallo.
Hannun bai daina rawa ba.
Ya ce, "Rufe gilashin nan, sanyi na shiga idona."