Gadar Galma, Kafin Ƙarfe Bakwai

Mun baro Soba da sallame asuba,
ni da Baba, da katin asibitin Shika
da na ƙulle a bakin zane.
Mu bakwai a motar Ilu,
ga buhun barkono biyu suna sa mu atishawa.

Dab da gadar Galma taya ta yi ajiyar zuciya.
Ilu ya fito yana tsaki:
a sauka, jama'a, a rage mata nauyi.

Na riƙo hannun Baba na zaunar da shi kan dutse.
Damina uku ke nan da farar yana ta rufe idonsa,
irin wadda ke kwanciya kan madarar da ta huce.
Ya juya fuska gabas, ya ce,
Ladidi, iska ta sake. Ta fito?
Na ce, tukuna.
Ya ce, to ara mini naki, faɗa mini abin da ke nan.

Me zan ce?
Ni da na saba gamuwa da safiya a bakin murhu,
tsakanin hayaƙi da neman takalmin yara,
ban san sama na da wannan faɗin ba.

Na ce, gabas ta yi ja.
Ya ce, wane ja? Na manja ko na goro?
Na sake dubawa.
Na goron da aka tauna, Baba,
bisansa kuma ruwan ɗorawa,
can sama shuɗi, kamar zanen da ya sha wanki.
Ya ce, yawwa. Yanzu kika fara magana.

Sai bakina ya buɗe.
Fadama ce shimfiɗe har inda ido ya gaji,
rake tsaye kafaɗa da kafaɗa,
masara ta yi goyo, raɓa na ɗiga daga gemunta.
Kogi na tururi kamar an buɗe madambaci.
Wani masunci ya wurga birgi,
ya buɗe a iska, ya faɗa ba ƙara.
Balbelu tara, a'a, goma sha ɗaya,
sun bi bayan shanu zuwa mashaya.

Sai ga ta.
Gefenta kawai da fari,
bakin tasar tagulla da aka goge da toka,
kafin in haɗiye yawu ta fito dukanta,
ta zuba wuta a ruwa,
ta bi kunya-kunya tana kunna gonaki,
can yamma, bayan rufin kwanon Zariya,
Kufena ya karɓi rabonsa ya yi shiru.

Baba ya ce, kar ki faɗa, na ji ta a goshina.

Ya daɗe bai motsa ba. Sannan ya nuna dama da sanda:
akwai wani rimi can, mai karyayyen reshe,
nan nake jingine keke in zan kai rake Tudun Wada,
nan na fara ganin uwarki da ƙwaryar fura.
Yana nan?

Na duba.
Ƙarfen sabis ne a wurin, dogo, ja da fari,
da ɗan ɗakin mai gadi, da janareto na tari.

Na ce, yana nan, Baba.
Ya ce, da reshen?
Na ce, da reshen.
Ya yi murmushin da rabona da shi tun rasuwar Inna.

Ilu ya buga ƙofa: a shiga, an gama.
Muka hau gada, rana na bin mu ta madubi,
barkono ya ci gaba da aikinsa.
Na taɓa ƙullin bakin zanena, katin na nan.
Addu'ar da na kwana ina yi ban janye ta ba,
Allah ya sa likita ya dace.
Sai dai in ya dace,
ta nan za mu biyo ran Alhamis,
kuma na san Baba,
bakin taga zai ce a ba shi.