Rigar Lahadi

Ƙarfe huɗu da kwata, ranar Lahadi,
a ɗakina na kan tudun Valparaíso,
inda matakala ɗari da sittin suka raba ni da teku,
kwamfuta ta dube ni ta ce: babu haɗi.

Ƙarfe biyar Ondina za ta kira daga Punta Arenas,
can gindin duniya, inda iska ke fizge hula,
za ta ɗaga jaririn kusa da allo
in ga ko haƙorin ya fito.

Na kashe, na kunna. Shiru.
Na sake kashewa, na ƙirga goma
yadda Leontina kan yi kafin ta tanka mini,
Allah ya ji ƙanta.
Na ja linzami zuwa kusurwa,
sunaye suka zubo:
na gidan Arriagada, na mai burodi, na wani baƙo a bene,
kowanne da ɗan kwaɗonsa.
Nawa ne kaɗai babu.
Haka na taɓa ji a ofishin fansho
da yatsana ya kai ƙarshen takarda bai gamu da ni ba.

Shekara talatin da ɗaya ina ɗaure jirage a tashar nan.
Igiya mai kaurin cinya ta san tafina.
Amma wannan da ba a gani,
ta ina ake kama bakinta?

Na buga wa kamfani.
Wata murya ta ce danna ɗaya, danna uku,
ta bar ni da kiɗa,
ni da agogo muna harara.

Sai na leƙa taga na ƙwala wa Baltasar kira,
ɗan maƙwabta, shekara sha biyu,
ya shigo da burodi a baki.
Ko kallon kwamfutar bai yi ba.
Ya durƙusa bayan kanta ya ce,
“Don Evaristo, fitilun akwatin duk a mace suke.”
Ya bi waya da yatsa,
gindin bango, bayan kujera,
ƙarƙashin kejin tsuntsun da ya daɗe ba tsuntsu,
har bakin soket.

Ga dutsen guga a jone, da sauran ɗuminsa.
Ga fulogin akwatin yashe a ƙasa
kamar kifin da ya zame daga kwando.

Na dubi ƙirjina.
Farar riga, wuya a tsaye, kari kamar wuƙa.
Ni na zare shi, da hannun nan, ƙarfe uku,
don kada ta ce Baba ya saki kansa.
Na zagi kamfani, na zagi iska,
ashe ɓarawon na sanye a jikina.

Yaron ya mayar da shi, yana cije dariya.
Muka tsuguna mu biyu muna jira.
Ja.
Ruwan lemo, yana ƙiftawa, yana shawara.
Sannan kore, ɗaya bayan ɗaya,
yadda kwale-kwalen masunta ke shigowa da magariba.

Biyar da minti biyu.
Fuskarta ta zo, ta daskare, ta narke.
“Baba, ina za ka haka, ka sha guga?”

Babu ko’ina, na ce.
Ɗago shi.
Matso da shi, hasken bai isa ba.

Ɗaya ne, a dasashin ƙasa,
bai kai ƙwayar shinkafa ba.