Takardar da Injina Ya Ɓata

Shagona na bayan tashar mota, a Garwa:
teburi ɗaya, inji ɗaya mai tari,
dala biyar kowace fuska.
Na kwafi takardun haihuwa, na kwafi na gado,
na kwafi sammacin wanda ya kai ƙaninsa ƙara.
Ban taɓa kwafar hanyar sama ba
sai Talatar da Malama Astawabi ta shigo,
alli a gefen mayafi, gumi a goshi.

Ta ce wasu attajirai ne can ƙetare
suka haɗa kuɗinsu, ba ruwan gwamnati,
za su sa malamin makaranta a kumbo
ya leƙo duniya ta waje, ya dawo ya ba yara labari.
Na ce, Malama, albashin watan jiya ya shigo?
Ta ce, bai shigo ba. Yi mini uku-uku.

Shafi goma sha ɗaya.
Nauyinki nawa? Zuciyarki lafiya?
Kin iya iyo?
Nan ta tsaya, ta ciji murfin biro.
Bayan mako biyu aka gan ta a Binuwai
rungume da jarka, matan masunta na shewa.
Dorina ta ɗago kai daga nesa,
ta dubi wannan sabon al'amari, ta nutse.

Shafin ƙarshe ya ce: me ya sa ke?
Ban yi niyyar karantawa ba, ido ne ba shi da linzami.
Ta rubuta: yara tamanin da huɗu gare ni.
Na nuna musu Kaza da 'ya'yanta, na nuna musu Zara,
na juya lemo kewaye da fitila har hannuna ya sage.
Sai Njidda, mai zama bakin taga, ya ce:
ke kin gani da idonki,
ko ke ma gaya miki aka yi?

Daidai nan wuta ta yi rawa, inji ya shaƙe,
ya tofo takarda baƙa ƙirin
da ɗigo-ɗigon fari inda tawada ta ƙi kamawa.
Na kai hannu zan yaga, ta ce tsaya.
Ta ɗaga ta ga hasken ƙofa,
ta daɗe tana kallo,
ta ajiye mini dala biyar.

Damina ta zo ta wuce, aka tsinke auduga.
Amsa ta iso ta waya, layi biyu:
an gode, mutum dubu tara suka nema.
Ban san gaisuwar da ake yi wa wanda sama ta ƙi ba,
na ce Allah ya sa haka ya fi alheri.
Ta ce amin. Kana da tsofaffin kwalaye?

Yanzu duk Asabar, a filin bayan lakwal,
gorar roba, ruwa rabi, fukafukan kwalina,
da famfon Gambo mai facin keke.
Yara na ƙirge da baya,
wasu da Hausa, wasu da Fillanci, wasu da Faransanci,
ba su taɓa isa sifiri tare ba.
Gora ta tashi ta haye dogonyaro,
ruwanta ya sauka kan mai rake, ya yi ta faɗa.
Wata ta faɗo bisa kwanon shagona.
Tana nan, ban sauko da ita ba.

Jiya na kai mata takardun jarrabawa.
Baƙar takardar nan na manne sama da allo.
Yara sun ja zare tsakanin ɗigogin, sun raɗa musu suna:
wannan Kwalekwale, wannan Babur ɗin Baba,
wannan Akuyar da Ta Ɓata.
A gefe, da rubutun Njidda mai karkata:
nan Malama za ta zauna.

Ta miƙo mini sabon fom, na baɗi.
Na ce, uku-uku? Ta ce, uku-uku.
A gurbin iyo ta riga ta rubuta:
na iya.